Doki 15 a Ƙarƙashin Ruwa

Har yanzu akwai shatin jar igiya a wuyan hannuna, kuma ko kifi nake so daga kwatar Yauri sai dai in aiki yaro.

Jirgin nawa ƙarami ne, na katako, mita 5, da tantin da wani tela ya ɗinka mini don iska ta riƙa tura shi. Iska kuwa ba ta san alkawari ba. Ruwan da ya taru tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 faɗi gare shi, in iska ta ɗauke kana tsakiya sai filafili, ni kuma ga ciwon baya. Shi ne na tafi neman inji.

Mai shagon mutumin kirki ne, abin da ya ɓata mana ciniki ke nan. Ya ce jirgi irin nawa doki 4 zuwa 6 ya ishe shi, don jirgin da ke keta ruwa da ƙirjinsa tsawonsa ne ke yanke masa gudu. Mita 5 ba zai wuce kamar kilomita 10 a awa ba, duk ƙarfin da aka ƙara sai dai gindinsa ya nutse, hancinsa ya dubi sama. Ya ce kuma in auna tsayin katakon baya: inci 15 gajeriyar ƙafa, inci 20 doguwa, jirgin iska kuwa galibi doguwa yake so, in ba haka ba farfela ta riƙa dukan iska. Na saurare shi tsaf. Sai dai a kwatar da jiragen kasuwa ke ɗaura doki 40, wa zai ɗaga kai ya dubi doki 5? Ga wani ɗan kwatano a lungu, doki 15, fenti na sheƙi, gajeriyar ƙafa. Na ce a naɗe.

Na haɗa da tanki da tiyo mai ƙwallon matsawa, da baƙin man da ake gaurayawa, rabin lita ga fetur lita 25, da rigunan kariya, da anga, da mazurari, da fulogi na ajiya. Mai shagon ya ɗora mini gyara, wata igiya mai kauri, ya ce in ɗaure injin da jikin jirgi ko da tsautsayi. Katakon bayana inci 20 ne cif. Kafinta ya ce sai a kafa wani katako daga waje, a sauke shi ƙasa kaɗan, amma a huda a sa noti, mai hudar kuma sai gobe. Ni ko na riga na gayyaci surukina. Aka buga ƙusa.

Ranar kasuwa ce. Surukina ya zauna a tsakiya cikin babbar riga, rigar kariya mai ruwan lemo a samanta, carbi a hannu. Uwargida ta haɗo mu da kular dambu, na ga tana tangaɗi, na ɗaure ta a benci da igiyar gyaran nan. Na matsa ƙwallon tiyo har ya yi tauri, na ja cok, na ɗaura jar igiyar kashe inji a hannu yadda aka nuna mini, na yi bisimilla na fizgi igiyar tayarwa.

Shiru. Na sake. Na yi ta yi har hulata ta faɗi.

A nan Allah ya haɗa ni da tsohon. Yana zaune a bakin gaɓa kan wani kifaffen kwale-kwale yana ɓare rake, Bakabe ne daga jin harshensa, kuma daga baya aka shaida mini ko ƙetare ruwa ba ya yi, tsoro yake ji. Bai ko ɗago ba ya ce, "Hulogi na, Alhaji."

Na ce, "Baba, sabo ne."

"Sabon shi ka yi."

Na cire fulogi, na hura, na goge da bakin riga, na mayar. Shiru. Ya ce in kankare shi da aska. Ya ce in gasa shi a wutar mai tsire, haka yake wa jannaretonsa. Ya ce in tofa masa yawu. Masu dakon buhu suka sauke kaya suka tsaya, 'yan tallan fura suka matso. Wani ya ce kafireto, tsoho ya juya ya yi masa kallon da ya sa ya nemi afuwa. Can wani yaron Sarkawa, bai fi shekara goma ba, ya kutso cikin ruwa iya gwiwa, ya kama ɗaya bakin jar igiyar da ke reto a hannuna, ya maƙala shi a maɓallinsa. In ba a maƙala ba, wuta ba ta zuwa ko za a kwana ana ja. Fizga ɗaya inji ya ɗauka.

Tsoho ya ce, "Ka gani? Ya ji gashi." Alhali ko kusa da wuta ba a kai shi ba.

To ga inda nake so a bi ni a hankali, don ni ma kullum dare sai na sake bi. Hancin jirgi na kan yashi, dole sai da baya za a fita. Inji in yana tafiya gaba, jikin jirgi yake dannawa, ko da ƙusa aka kafe shi zai zauna. In aka sa ribas kuwa, ja yake yi, yana neman rabuwa da jirgin. Wannan darasi ne da na koya cikin ƙiftawar ido. Na sa ribas, na murɗa totur da niyyar ragewa, ashe can ne wajen ƙarawa. Dawakai 15 suka ja baya gaba ɗaya, jirgi da ni da surukina da dambu muna kafe a yashi.

Na ji ƙusoshin suna fita ɗaya bayan ɗaya, kowacce da irin kukanta. Mariƙin injin ya zame daga tafina a hankali, da ladabi, kamar baƙon da ke sallama ba ya son a raka shi. Na ga inji mai nauyin fiye da kilo 35 ya bar jirgina, katakon kafinta manne a bakinsa, ya yi tafiyarsa shi kaɗai a kan ruwa da baya, yana ruri. Wallahi ya yi gudu. Duk abin da na biya kuɗi dominsa na gan shi a wannan taku biyun.

Sai jar igiya ta miƙe, ta fizge, inji ya mutu. Kasuwa ta yi tsit. Ya ɗan tsaya a karkace, yana rataye da tiyon mai, tanki kuma ya taso daga gaba yana jan ciki, ya bi ta kan ƙafar surukina, ya zo ya maƙale a ƙarƙashin benci. Tiyo ya yi tsawo, ya ƙara tsawo, ya ce fat. Ruwa ya rufe. Kumfa ta taso, sai ɗan bakan gizon fetur.

Ni kuwa ina tsaye, hannu a miƙe yadda injin ya bar shi, jar igiya na lilo. Ban sauke hannun ba. Wannan ne ke hana ni barci, ba kuɗin ba. Mutum ɗari na kallo, ni ina miƙa wa kogin Kwara hannu. Surukina bai daina jan carbi ba, sai dai ya dubi kular dambu, daram a ɗaure, ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ce, "Abinci dai ya tsira, Alhamdu lillahi."

Daga gaɓa murya ta taso: "Alhaji, da ka canza hulogin nan da bai kai ga haka ba."

Sarkawa biyu suka nutsa suka ɗaura wa injin igiya, wato igiyar dambu, aka jawo shi yana zubar da laka. Makanikin kwata ya ce na yi sa'a, tun da ya mutu kafin ya nutse bai zuƙi ruwa yana aiki ba, da ya zuƙa da ƙarfen cikinsa ya lanƙwashe. Amma a buɗe shi yanzu-yanzu kafin tsatsa ta kama. Jama'a suka kewaye. Ya ɗauko sifana, ya ce abin farko shi ne a ba ruwan da ke ciki hanyar fita, ya sa hannu ya kwance fulogi.

Tsoho ya miƙe tsaye a karo na farko, ya tofar da ɓawon rake, ya dubi kasuwa kaf.

"Mi nic ce muku?"