Yadda Ake Riƙe Tsohuwar Mota a Jamus Ana Tsaka da Gardamar Lantarki

Tsohuwar mota a Jamus tana da matsayinta a doka. Tun 1997, motar da ta cika shekara 30 da fara hawa titi, kuma take nan yadda kamfani ya ƙera ta, tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe. Mai wannan lamba yana biyan haraji wajen Yuro 192 a shekara komai girman injin, kuma an yarje masa shiga tsakiyar biranen da aka hana motoci masu hayaƙi. Sai dai dokar ba ta kare shi daga maƙwabta ba. Da zarar ya fito da Marsandinsa ƙirar W123 ya ɗaga bonet, wani zai tsaya ya yaba fenti, kafin a ankara an tsunduma cikin maganar nukiliya da wutar sola. Saboda haka mai irin wannan mota aiki biyu ne a gabansa: kula da ƙarfe da kula da baki.

Na ƙarfen ya fi sauƙi. Tarayyar Turai ta haramta fetur mai dalma a 2000, don haka wasu tsofaffin injuna sai an ɗiga musu magani a tanki. Fetur ɗin E10, wanda ya shigo gidajen man Jamus a 2011, yana cin tsofaffin tiyon roba, gara a tsaya kan E5. Idan hunturu ya kama aka fara watsa gishiri a tituna, motar ta shiga gareji ke nan sai bazara, domin gishiri ne ke kiwon tsatsa. Ana shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji a riƙa duba shi da safe. Ɗigon baƙin mai ɗaya ko biyu alama ce ta tsufa. Idan ya kai faɗin tafin hannu, a nemo bakanike tun maƙwabci bai gani ba.

Duk wutar da motar ke sha daga layin lantarki ita ce ta 'yar na'urar da ke riƙe cajin batir da hunturu, wadda ba ta kai ƙwan fitila ci ba. Hausawa kan ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, to amma wannan faɗan na lantarki a bakin garejin mutum ake yinsa, dole ya san abin da zai ce.

Baƙo na farko shi ne masoyin nukiliya. Ana gane shi da ambaton 15 ga Afrilu 2023, ranar da Jamus ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe, Isar 2 da Emsland da Neckarwestheim 2, cikar shawarar da gwamnatin Angela Merkel ta yanke bayan hatsarin Fukushima a 2011. Zai ce an rufe tashoshin da ba sa fitar da hayaƙi an bar na kwal suna ci, ga shi doka ta ba kwal wa'adi har 2038. Zai kuma tambaya ina wuta za ta fito a makon hunturun da babu rana babu iska. Tambayar tana da nauyi, kuma ya kamata mai mota ya ajiye sifana ya saurare ta. Daga nan sai ya miƙa wa baƙon tocila ya haska masa kafireto, domin mai riƙe da tocila ba ya iya nuni da yatsa.

Baƙo na biyu da keke yake zuwa, rufin gidansa cike da farantan sola. Hujjarsa ita ce sama da rabin wutar da Jamus ta sha a 2023 daga iska da rana da ruwa da makamantansu ta fito. Zai kawo labarin tashar nukiliyar Flamanville ta uku a Faransa, wadda aka fara ginawa a 2007 ba ta ba da wuta ba sai ƙarshen 2024, kuɗinta kuma ya ninka kusan sau huɗu. Zai ƙara da cewa har yau Jamus ba ta tsayar da wurin dindindin na binne sharar nukiliya mafi haɗari ba. Shi ma gaskiya ya faɗa. Kuskuren da ba a so a yi a gabansa shi ne tayar da inji yana sanyi a taka totur, domin hayaƙin da salansa za ta tofar zai rushe duk wata hujja. Abin da ya fi shi ne a nuna masa littafin tafiye-tafiyen motar ya ga ba ta fita sai ranar Lahadi mai kyawun gari, sannan a tuna masa cewa ƙarfen da aka narka shekara 40 da suka wuce bai buƙaci sabuwar ma'adina ba.

Idan baƙin biyu suka haɗu a lokaci guda, a ba su kujeru da gahawa, mai mota ya shige ƙarƙashinta ya ci gaba da aikinsa.

A taron tsofaffin motoci akan gamu da Bafaranshe mai Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Shi ba ya ɗaga murya, tunda kusan kashi biyu bisa uku na wutar ƙasarsa daga nukiliya yake. Yana da kyau a tuna masa cikin ladabi cewa yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, da ake haƙa tun 1971, ya shafe shekaru da dama cikin abin da ya riƙa kunna fitilun Faris, alhali garuruwa da dama na ƙasar da aka haƙo shi suna kwana cikin duhu. Wannan ba abin raha ba ne, kuma duk gardamar lantarkin da ta manta da mahaƙa ta bar rabin zancen a baya.

Inda gardamar ta taɓa motar kai tsaye wuri biyu ne. Na farko shi ne cire injin a sa batura. Ana yi, motar kuma takan yi tafiya shiru, amma yawanci lambar H takan tafi tare da injin, kuma ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ce a 2019 ba ta ɗaukar irin wannan a matsayin motar tarihi. Wanda ya yanke shawarar yi, ya adana tsohon injin a kan katako ya lulluɓe, ko don mai saye na gaba.

Na biyu shi ne fetur ɗin da ake haɗawa da lantarki, daga ruwa da iskar kabon. A ƙarshen 2022 aka buɗe masana'antar gwaji ta Haru Oni a kudancin Cile, da hannun kamfanin Porsche, tana aiki da ƙarfin iska. Wannan mai yana shiga tsohon tanki ba tare da an taɓa ko da ƙusa ba, sai dai yana cinye wuta ninki da yawa fiye da abin da motar batir ke bukata a tafiya guda, shi ya sa yake da tsada. Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 kan shekarar 2035 sababbin motoci ta shafa, ba ta hana tuƙa tsofaffi ba, amma idan masu sayen fetur suka ragu gidajen mai ma za su ragu. Ranar da hakan ta faru, tsohuwar Marsandi za ta dogara ga wuta mai tsabta, mai yawa, mai araha, ko daga ina ta fito. Don haka mai ita ya yi wa baƙinsa biyu fatan nasara da zuciya ɗaya, ya saita kafireto, ya sauya fulogi, ya kai ta binciken lafiyar mota na duk shekara biyu a kan lokaci.