Abokan Tafiya daga Kano zuwa Jidda

Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne, tafiyar awa biyar ko ƙasa da haka idan hanya ta miƙe. Wannan lokacin ya isa ka san halin mutum har ka gaji da shi.

Akwai Hajiya 'yar Kano-Jidda. Tun a filin jirgin Malam Aminu Kano za ta kira ka ɗana, kafin ka amsa ta miƙo maka jakar yaji da dambun nama ka riƙe mata, wai nata awon ya cika. Akwai Baba mai tarihi, wanda kakansa ya taka a ƙasa ta Chadi da Sudan, shekaru kafin ya ga Bahar Maliya, shi kuwa tun ba a tashi ba yake kukan ciwon baya.

Amma gwanina Alhaji mai lissafi. Agogonsa na hannu a fili, biro a aljihu, takardar shiga jirgi ta zama allo. Bai yarda Saudiyya ta riga mu da awa 2 ba. An tashi ƙarfe 10, an sauka agogon Jidda na cewa 5, sai ya daki cinyarka: "Malam, awa bakwai cur! Suka ce mana biyar." Ka yi bayani, ya girgiza kai, ya kira ma'aikaciyar jirgi ta zama shaida. A dawowa lissafin ya ba shi awa uku, sai fuskarsa ta washe. Dalili a wurinsa biyu ne: hanyar gida gangara ce, kuma jirgi ya yi sauƙi tunda an sauke zunubai. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo da gaske, Alhaji ya samu hujjar da zai ci shekara yana kafawa.

Mai harami kuma sai matuƙi ya sanar an kusa mikati yake tuna nasa na cikin babban akwati. Mai gaggawa taya na taɓa ƙasa ya miƙe, ya tsaya a sunkuye rabin awa. Akwai kuma wani marubuci da ke zura wa taswirar gaban kujera ido, yana jin haushin ɗan jirgin da ya ƙi motsi, yana rubuta laifin mutane.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne ɗan gayun da tsohuwa ta roƙa ya ɗaura mata bel, ya ja tsaki ya ce 'yan ƙauye sun cika jirgi. Matar nan shekaru ta yi tana tara kuɗin gyaɗa da na awaki kafin ta samu kujerar. Ya ɗaura mata ya yi shiru, ko kuwa a haɗa shi kujera ɗaya da Alhaji mai lissafi, zuwa da dawowa.