Masu Cafkar Gahawa

Kalmar Turanci grab harafi huɗu ce kacal, amma ta raba Sinawa masu koyon Turanci gida-gida. A birnin Gwanzu na gan su, cikin yaran shagunan da 'yan kasuwarmu ke sarin kaya.

Akwai Malam Ƙamus. An gaya masa grab ita ce zhua, kalmar da ake cewa ɗan sanda ya cafke ɓarawo, shi ke nan ya rufe littafi. Ranar da wani Bature ya ce su je su yi grab ɗin gahawa, da hannu biyu ya damƙi kofin kamar zai tsere masa. Alhali nufin Baturen su ɗan kurɓa a tsaitsaye, kowa ya kama gabansa.

Sai mai kunya, wanda a kunnensa grab fashi ce, wato qiang. Ka ce masa grab a seat, sai ya hau waige-waigen wanda zai ture daga kujera. Kar kunyar ta ruɗe ka. Tun da manhajar WeChat ta fito da jan ambulan na kyautar kuɗi a 2014 babu wanda ya riga shi wafcewa, haka wawason tikitin jirgin ƙasa lokacin sabuwar shekararsu. Duka biyun qiang suke cewa, bai taɓa jin nauyi ba.

Ɗan Gaokao, babbar jarrabawar shiga jami'a, ya haddace bambancin grab da grasp da seize da snatch kamar karatun allo. Aike shi sayen burodi da Turanci, ka ga gumi.

Wanda ya kwana uku a Singafo kuwa, shi Grab mota ce: kamfanin tasin nan da aka kafa a Malesiya a 2012. Gardama da shi ɓata yawu ne.

Gwanina shi ne sabon shiga. Jiya ya gano kalmar, yau komai grab: tasi, barci, abincin rana, har surukarsa daga tasha. Shi ya tambaye ni yadda muke faɗi da Hausa. Na fara lissafo masa cafka, damƙa, fizga, sura, wafta, ƙwace, wawura, ina nuna kowace da hannu. A kan sura na kusa yin gaba da wayarsa.

Ya mayar da ita aljihu a hankali, ya ce, "Laoban," wato maigida, "bari in yi grab ɗin kayanka."