Masu Gudu da Masu Tattaki a Ƙasar Guddiri

A wasu ƙasashe mutum zai cire kuɗinsa ya hau jirgi, ya je ya yi gudun kilomita 42 da mita 195, a rataya masa guntun ƙarfe a wuya, ya dawo gida yana ɗingishi yana murna. Akwai ma waɗanda wannan bai ishe su ba, su ne masu zuwa hamadar Maroko, inda tun 1986 ake wata gasa ta kusan kilomita 250 cikin rairayi, kowa da guzurinsa a baya. A Azare kuwa, magidanci mai gemu in ya zura a guje a titi, ba tafi za a yi masa ba, sai dai a waiwaya a ga abin da ya biyo shi. Bahaushe ya ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. To, a 'yan shekarun nan sa gudu ya shigo gari, kuma kowa da irin nasa.

Wanda ya fi yawa shi ne Alhajin da likita ya koro. An auna shi a asibitin tarayya, an ga sukari ya hau, jini ma ya hau, aka ce ko dai ya motsa jiki ko ya ƙulla abota da allura. Za ka gan shi bayan sallar asuba cikin jallabiya da sabon kambas fari fat, carbi a hannu, direba na biye da shi a mota sannu a hankali ko da wani abu zai taso. Abin da ke kashe masa tafiya gaisuwa ce. Taku goma, "Barka da asuba, Alhaji, an tashi lafiya?" Sai a tsaya a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a jajanta tsadar taki. Can ɗan acaba zai ci birki a gabansa cikin tausayi: "Ranka ya daɗe, motar ce ta lalace? Hau in ƙarasa da kai, ba sai ka biya ba." Tafiyar takan ƙare a teburin mai shayi, da kofi mai kauri, da burodi, da ƙwai uku. In ka yi magana ya ce, "Ɗana, likita cewa ya yi a rage, bai ce a daina ba."

Sai ɗan neman soja. Shi kaɗai ne a cikinsu yake gudu tsakani da Allah. Da zarar an ji fom ya fito, za ka gan su ayari-ayari a hanyar Jama'are ko ta Potiskum tun gari bai waye ba, wani da tsohon kambas, wani da silifa, zuciya duk tana Zariya inda ake horar da kurata. Lokacin da Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya yi gudun famfalaƙi cikin ƙasa da awa biyu a Biyana a 2019, sai da aka haɗa shi da ayarin masu ja masa gaba da mota mai nuna masa sauri. Namu yaron karen ƙauye ne mai daidaita masa sauri, kuma ta baya yake aikinsa. Ranar da sunaye suka fito, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauka ba, gudu ya ƙare sai wani fom.

Ɗan kwalliya kuma kayan gudu ne suka dame shi, ba gudun ba. Riga mai sheƙi, gorar ruwa, abin sauraro a kunne, da agogon da ke ƙirga taku. Na taɓa ganin irinsa zaune a kan benci yana ta kaɗa hannu don agogon ya ƙara lissafi. Yakan yayyafa ruwa a goshi kafin ya ɗauki hoton da zai ɗora a Facebook. Tun da aka fara gasar Legas a 2016 yake cewa baɗi da shi za a yi, kowace shekara kuma 'yan Kenya da Habasha su kwashe kuɗin ba su ji ɗuriyarsa ba. Kada ka tuna masa cewa Abebe Bikila ba takalmi ya ci zinare a Rum a 1960. Zai ce maka ai titin can ba ƙaya.

Amma gwarzon fagen shi ne ɗan tattakin siyasa. Wannan sana'a ta bunƙasa ne a 2015, bayan Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Janar Buhari, sunansa ya cika rediyo da jaridu. Daga nan ƙofa ta buɗe. Duk wanda ya ci zaɓe, har kansila, sai an samu mai taka masa ƙasa. Shirin ba wuya: a buga riga da hoton mai gida, a ɗaura tuta a sanda, a sayi littafi mai bango. Littafin nan shi ne jarin. Kowane gari ya shiga sai ya faɗi a ƙofar hakimi, "Allah ya ja zamanin sarki, baƙonka ne mai tattaki," a sa masa hannu, a buga hatimi, a kawo tuwo, wani lokaci har da ɗan na goro.

Da rana tafiyarsa abin tausayi ce, yana jan ƙafa, yara na binsa, mata na leƙe ta katanga suna "Allah sarki, bawan Allah." Da dare ne karamarsa ke bayyana. An yi sallama da shi da magariba a Misau, ƙafa a kumbure. Da asuba sai ga shi a Darazo yana alwala, rigarsa na warin buhun albasa. In ka tambaya ya ce sanyin dare na ƙara masa kuzari. Direbobin a-kori-kura sun san sirrin wannan kuzari, amma mutanen kirki ne, ba sa tona asirin fasinja. Ƙarshenta ya isa Bauchi, ya tsaya a bakin ƙofa da tutarsa, mai gadi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, mai gida ya tafi Umra jiya." Kuɗin motar komawa Azare sai an yi masa karo-karo a tasha.

Akwai wanda bai taɓa tafiya ba amma ya gaji labarinta. Masallacin unguwa ma a babur yake zuwa, sai dai kakansa ya je Makka a ƙasa, kuma ba za ka sha ruwa a majalisa ba sai ka ji. Asalin labarin gaskiya ne. Mutanen zamanin da sukan bi ta Borno, su ratsa Wadai da Darfur, su tsaya su yi ƙodago a gonakin auduga na Sudan har su tara na jirgin ruwa, su tsallaka Bahar Maliya. Wasu shekaru suke yi, wasu ba su dawo ba. Zuriyarsu na can, har da garin Mai Wurno a bakin Nilu, wanda waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa. Matsalar jikan ita ce labarin na girma a bakinsa. Bara shekara bakwai kakan ya yi, zaki ɗaya ya gamu da shi. Bana shekarun sun kai goma sha biyu, zakin ya haihu.

Masu yawon ganin ƙwaf ma ba yau suka fara zuwar mana ba. A watan Disambar 1823, tun sarauta na tsohon garin Katagum, kafin ta dawo Azare a 1916, Turawa biyu suka taso daga Kukawa za su Kano. Hugh Clapperton ya isa, amma abokinsa likita Walter Oudney a Murmur kwanansa ya ƙare, kusa da Katagum. Likita ne kuwa, ba wanda likita ya koro ba.

Na bar mai nono a ƙarshe don ita ba ta san tana cikin lissafi ba. Ta taso daga ruga ƙwarya uku a ka, goyo a baya, ba gorar ruwa ba agogo, ta iso kasuwa ko digo bai zube ba, da la'asar ta juya. Tambaye ta nisan rugar, ta nuna da leɓe ta ce, "Nan ne kusa, bayan waccan kukar." Kada ka kuskura ka bi ta. Wanda ya gwada zai gaya maka kukokin ƙasar nan suna da yawa, kuma duk kamarsu ɗaya.

Saboda haka ina roƙon masu faɗa a ji, in Allah ya nufa aka shirya gasar gudu daga ƙofar fada zuwa Jama'are, a tashi tun da asuba kafin ranar bazara ta buɗe ido, a rufe teburan shayi na bakin hanya, a ware wa masu nono rukuninsu daban don sauran su samu abin kai wa gida. A kuma sa mutum biyu masu gaskiya a bayan gari su riƙa leƙa bayan kowace a-kori-kura.