Kasuwa a Tafin Hannu, Ciniki Sai Addu'a

A Bwari yanzu duk mai sana'ar da ba ta da shafi a waya ana yi mata kallon 'yar ƙauye. Mai turaren wuta tana TikTok, mai dambun nama tana Instagram, tela kuwa ya cika WhatsApp da hotunan ɗinkin da ko a mafarki bai taɓa yankawa ba. Lissafin kuma ba na banza ba ne. Hedikwatar JAMB tana garin, makarantar horar da lauyoyi ta tare a nan tun 1997, ga ɗaliban Jami'ar Veritas, ga ma'aikatan da tsadar haya a cikin Abuja ta koro Kubwa da Dutsen Alhaji. Kowa da waya, kowa da ciki.

Sai dai wayar ba ta zo mana da sababbin mutane ba. Mu ɗin nan ne dai, da halinmu.

Akwai 'yan "nawa ne". An rubuta kuɗin kaya ɓaro-ɓaro a jikin hoto, amma sai sun tambaya. A faɗa musu, su nemi ragi, a rage, su nemi wata kala, a turo, su ce "zan yi miki magana". Daga nan sai a Lahira. Akwai kuma 'yan addu'a, masu zuba "Allah ya kawo kasuwa" a ƙarƙashin kowane hoto, sannan su hau mota su tafi kasuwar Wuse su sayo irinsa. Addu'a abu ne mai kyau, amma mai gawayi bai taɓa karɓarta a madadin kuɗinsa ba.

Babban abin dariyar yana WhatsApp. Ba mai ganin tallar da kika ɗora a status sai wanda kuke da lambar juna. Wato sababbin kwastomomin da kike farauta su ne gwaggonki, ƙanwar mijinki da matar maƙwabci. Da an ce zumunta a ƙafa take, yanzu a data take. Minti biyu da ɗora atamfa saƙon murya zai shigo: "'Yar nan, ashe sana'a aka fara ba labari? Aiko min turmi biyu, ƙarshen wata in Allah ya yarda." Ba ta dai ce na wace shekara ba. Kishiya kuwa ba ta saye, ba ta magana, amma ita ce ta farko a jerin waɗanda suka kalla, kullum.

In an dace da mai saye na gaske, saura biya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koyi tiransfa, wasu kuma suka wuce makaɗi da rawa, suka koyi tura hoton rasit ba tare da kuɗi ba. "Wallahi Hajiya na tura, matsalar sabis ce." Bayan nan sai kai kaya. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗan acaɓan da zai kai robar cincin daga Bwari zuwa Gwarinpa yana iya neman abin da ya fi kuɗin cincin ɗin. Ga data da aka ƙara wa kuɗi a 2025. Cikin mai kaya da mai saye da kamfanin waya, kamfanin ne kaɗai bai taɓa yafe bashi ba.

Masu kayan ma ba a bar su a baya ba. Ka tambayi farashi a ce "biyo ni ta ciki", sai ka ce maganin sirri ake sayarwa. A hoto leshi yana ɗaukar ido, a leda sai ka rantse labule ne. Ya kamata a tuna da maginan tukwane na Ushafa. A shekarar 2000 Shugaban Amurka Bill Clinton da kansa ya taka ƙauyen, kyamarorin duniya na biye da shi, tallar da ba wani shafi da zai iya yi wa mutum. Duk da haka tukunyar da ba ta gasu ba ba za ta riƙe ruwa ba.

To tana taimakawa? Ƙwarai. Mai abincin da ta rubuta kuɗi a fili, ta ɗora hoton tukunyarta ta gaskiya, ta kai a kan lokaci, ɗaliba ɗaya ta ci ta ji daɗi ta jefa lambarta a zauren ajinsu, wannan ta gama talla. Wayar tana yaɗa labari ne kawai, na kirki da na tsiya, cikin gaggawa.

Saura mu masu kallo. Ina roƙon kansilolin Bwari su kafa doka: duk wanda ya tambayi kuɗin kaya sau uku bai saya ba, ya biya wa mai kaya data ta wata guda. Gwaggo kuma a yi mata sassauci, ta biya na bara tukuna.