Bututu Mai Faɗin Mita Ashirin

Ruwan da ke gudu a cikin bututu ba ya tafiya da sauri ɗaya a ko'ina, domin wanda ke manne da bango a tsaye yake cik, na tsakiya kuwa shi ne ya fi gaggawa. Idan aka auna saurin daga wannan bango zuwa wancan, aka jera sakamakon a kan takarda, abin da ya fito shi ake kira zanen sauri. Gotthilf Hagen, injiniyan ruwa na ƙasar Jamus, a 1839, da Jean Poiseuille, likitan Faransa mai binciken gudun jini, a 1840, su ne suka gano dokar kwarara mai natsuwa a bututu, wadda lissafi ya nuna cewa zanenta farabola ne, wato lanƙwasa mai tudu a tsakiya, inda saurin tsakiyar yake ninki biyu na matsakaicin sauri. A 1883 Osborne Reynolds ya nuna a Manchesta, ta hanyar tsiyaya rini a cikin ruwa, cewa wannan natsuwa tana da iyaka. Adadin da ake kira da sunansa ana samun sa ne ta ninka sauri da faɗin bututu a raba da danƙon ruwan, kuma da zarar ya haura wajen 2300 sai kwararar ta soma hargitsewa.

Wannan farabola da aka sani tun zamanin da babu wutar lantarki a gidaje ita wani ɗalibin injiniyanci ya sha alwashin fitarwa da manhajar OpenFOAM, wadda ke yanka cikin bututu zuwa ƙananan gurabe da ake kira raga, sannan ta warware lissafin ruwa a kowane gurbi. Bututun nasa faɗinsa milimita 20, tsawonsa mita 2, ruwan kuma yana shiga da saurin mita 0.05 a daƙiƙa, abin da ke ba da adadin Reynolds na 1000. Sai dai ya rubuta ma'auninsa da milimita, alhali manhajar mita take karantawa sai an gaya mata akasin haka, kuma ba ta da ɗabi'ar tambayar mutum ko yana cikin hayyacinsa. Ba tare da wata gardama ba ta gina masa bututu mai faɗin mita 20 da tsawon kilomita 2, adadin Reynolds ya haye miliyan ɗaya, zanen kuwa ya fito a miƙe sambal babu alamar tudu.

Ɗalibin ya kai wa malaminsa wannan sakamako da fara'a, yana mai bayyana cewa, Allah ya gafarta Malam, da alama Poiseuille bai yi lissafinsa da kyau ba. Malamin, wanda ya saba ganin irin wannan juyin juya hali sau ɗaya a kowane zangon karatu, ya tunatar da shi cewa kwarara mai natsuwa tana buƙatar tazara daga bakin bututu kafin farabolar ta kankama, tazarar da ake ƙiyastawa da ninka 0.06 da adadin Reynolds da faɗin bututu. A bututun gaskiya mita 1.2 ke nan. A wanda ya gina kuwa, ko da ruwan zai yarda ya natsu, wanda ba zai yarda ba, sai ya yi tafiyar kilomita 1200, fiye da nisan Kano zuwa Legas.

Bayan gyaran ma'auni, ParaView, manhajar da ake duba sakamako da ita, ta kawo nata gudummawar. Kayan aikinta na zana sauri a kan layi, idan ba a nuna masa inda layin zai bi ba, yakan ja shi a karkace daga wata kusurwar akwatin da ke kewaye da bututun zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta yadda farkonsa da ƙarshensa suke faɗawa a wajen bututun, inda babu ruwa ko ɗigo. Zanen ya fito guntule ta gefe biyu, ya kuma gauraya saurin bakin bututu da na ƙarshensa. Da ya daidaita layin ya ratsa faɗin, sai ya aza shi santimita 10 daga mashiga, wurin da ruwan bai gama shiryawa ba, ya sake samun shimfiɗaɗɗen zane, ya kuma sake zargin Bafaranshen, wannan karon a zuci.

A mita 1.8 farabolar ta bayyana, sifili a bango, tudu a tsakiya, amma ƙololuwarta ta ɗan gaza saurin mita 0.1 a daƙiƙa da lissafi ya yi alkawari, saboda guraben ragar sun yi girma. Malamin ya ba da umarnin a raba kowane gurbi biyu ta tsawo da faɗi da tsayi, wanda ke nufin yawansu ya ninka sau takwas, kuma kwamfutar ɗalibin, wadda fankarta ta riga ta soma kuka tun a raga ta farko, sai da aka ɗora ta a kan bulo biyu a bakin taga kafin ta yarda ta ci gaba da aikin.