Jinjina ga FCSB II, Makarantar Koyon Haƙuri

An daɗe ana zaluntar ƙaramar ƙungiyar FCSB ta birnin Bukarest da rashin yabo, yau kuwa sai na biya mata bashin. Kowa bakinsa na kan babbar ƙungiya, wadda duniya ta sani da sunan Steaua, mai tinƙaho da kofin Turai na 1986, daren da gola Helmuth Duckadam ya tare fenariti huɗu na Barcelona a jere. To wannan ai bajintar dare ɗaya ce. Ƙaramar ƙungiya, FCSB II, ta yi shekaru tana tare abin da ya fi fenariti haɗari, wato tana tare samari kada su yi garajen kaiwa babbar ƙungiya su lalace da ɗaukaka.

Dubi tarihinta kawai ka ga tawali'u. An kafa ta a 2004, ta taɓa hawa har rukuni na biyu na gasar Romaniya, sai aka rufe ta a 2011, ba ta ce uffan ba. A 2016 maigidan kulob ɗin ya tuna da ita, aka kakkaɓe mata ƙura, ta koma fili a rukuni na uku ba tare da ta tambayi inda aka jefar da ita shekara biyar ba. Bora ce ta gari, wadda ta san girki nata ne, fita unguwa kuwa na mowa. Doka ma ta taimaka mata wajen tsare mutunci, domin ko za ta cinye kowane wasa, ba a yarda ta zauna rukuni ɗaya da yayarta ba. Ina ka taɓa ganin kwanciyar hankali irin ta mai tseren da aka gaya masa tun farko cewa ba shi da izinin isowa?

Maigidan kuwa, Gigi Becali, mutum ne da ya san kiwo, don gidansu gidan makiyayan tumaki ne kafin kuɗin filaye su zo. Ya karɓi ragamar kulob ɗin a 2003, ya yi ɗan majalisar Turai, ya kuma yi zaman gidan yari daga 2013 zuwa 2015, saboda haka duniya ba ta da darasin da za ta koya masa. Babbar kyautar da ya yi wa harkar ƙwallo ita ce sauke wa koci nauyin tunani. Da bakinsa yake faɗa a talabijin cewa shi ke zaɓen waɗanda za su buga, shi ke cewa a cire wane a hutun rabin lokaci. Wannan rahama ce ga yaron ƙaramar ƙungiya. A wasu wurare sai yaro ya yi ta wahalar burge koci, da mataimakin koci, da masu farautar 'yan wasa. A nan mutum ɗaya ne tak, kuma idan bai ga dama da kai ba, za ka ji a labaran dare tare da mahaifiyarka, ba ɓoye-ɓoye.

Masu hassada za su ce, to ina taurarin da ƙaramar ƙungiyar ta haifa? Su duba manyan cinikayyar da kulob ɗin ya yi. Nicolae Stanciu da aka sayar wa Anderlecht ta Beljiyam a 2016, daga Vaslui aka sayo shi. Dennis Man da ya tafi Parma ta Italiya a 2021, daga UTA Arad aka ɗauko shi yana ɗan shekara 18. Florinel Coman kuwa daga Viitorul ya zo a 2017. Ka ga tausayi ke nan. Maigida ya san sayar da ɗa zuwa ƙasar waje abu ne mai ciwo, sai ya riƙa sayar da 'ya'yan wasu, nasa na gida yana killace da su a sansanin Berceni, kusa da iyayensu. Ko da hukumar ƙwallon ƙasar ta kafa dokar dole a sa ɗan ƙasa mai ƙarancin shekaru a fili, aka zaci asirin 'yan ƙaramar ƙungiya zai tonu a jefa su gaban dubban mutane, sai Allah ya rufa asiri, kasuwa tana ci, yaran wasu garuruwa ba su ƙare ba.

Wanda ya kamata a tausaya wa shi ne Gheorghe Hagi. Bawan Allah ya ɗebi kuɗin guminsa na Real Madrid da Barcelona da Galatasaray ya zuba a makarantar ƙwallo kusa da Konstanza a 2009, yana ta fama da yara a rana. Me ya samu? A 2017 yaran nan na ƙungiyarsa Viitorul suka ɗauke kofin lig, FCSB na biye da su da maki iri ɗaya, har sai da aka kai ƙara kotun wasanni ta Suwizalan, kofin ya tabbata nasu. Yanzu fa yaran da aka saba wa cin kofi tun suna ƙanana, yaushe za su koyi haƙuri?

A shekarun da FCSB II ta yi a rukuni na uku kuwa tarbiyya aka sha. Fili ƙarami, 'yan kallo ka iya ƙirga su da ido, yawancinsu iyaye ne da suka zo da ruwan sha a jaka. Kana jin muryar koci daga wannan raga zuwa waccan, babu hayaniyar da za ta raba wa yaro hankali. Ga kuma girmamawa: yaro ya yi atisaye mako guda cur, ranar wasa sai a turo wani daga babbar ƙungiya wanda ke farfaɗowa daga rauni, ko wanda ba a buƙata a sama, a ba shi rigar. Yaron ya koma benci yana kallo kyauta, kusa-kusa, abin da wasu ke biyan kuɗi su gani.

Kada a ce ba ta taɓa yin rana ba. Ma'aikatar tsaron Romaniya ta yi shari'a da Becali a kan suna da tambarin Steaua, ta ci, ya koma amfani da haruffa huɗu, wato FCSB, a 2017. Sojoji suka farfaɗo da tasu Steaua ɗin daga rukuni na huɗu. A kakar 2020 zuwa 2021 ta hau rukuni na uku, ta faɗo sahu ɗaya da FCSB II. Nan take ƙasa ta tuna akwai wata ƙaramar ƙungiya. 'Yan jarida suka zo, aka ɗora wa yara 'yan shekara 18 rigimar da manyan lauyoyi suka kasa kashewa, a ce su tantance da ƙafa wane ne magajin kofin da aka ci tun ba a haife su ba. Wace daraja ta wuce wannan? Steaua ta sojoji ta haye rukuni na biyu a 2021, kyamarori suka bi ta, yaran suka samu hutunsu.

Don haka, kai mai ɗa da ke da ƙafar ƙwallo, idan kana tsoron suna da kuɗi su ɓata maka shi, nema masa gurbi a irin wannan ƙungiya, ka kuma saya masa rigar sanyi mai kauri, don bencin Bukarest ba ya wasa a watan Nuwamba.